Daga Nuwaiba zuwa Aƙaba

Malamin Tarihi:

Assalamu alaikum. Na dawo lafiya. Daga Alƙahira na hau mota zuwa Nuwaiba, na shiga jirgin ruwan da ke tsallakawa Aƙaba ta ƙasar Jodan. A saman jirgin na kwana hira da wani dattijo Bafalasɗine. Ga waƙa a kan hirar; amsa-amonta "wa" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Bismillahi, da shi nake farawa,
Mai riƙe jirgi a kan ruwa ba nutsewa.

Mun bar Nuwaiba bayan sallar isha'i,
Duwatsun Sina'i suna ta dushewa.

Shekara ashirin ina riƙe da alli,
Tarihin duniya nake koyarwa.

Na ɗauka na san Falasɗinu sarai,
Don shekarunta duk ina haddacewa.

Wani dattijo ya zauna kusa da ni,
Ya miƙo shayi, muka hau gaisawa.

Ya ce, "Ustazu, daga ina?" Na ce Kano,
Ya ce, "Ni nawa garin ba ya shiguwa."

Da muka doshi gaɓa ya ɗaga yatsa,
Fitilun gari biyu dab da haɗuwa.

"Na dama Aƙaba, na hagu Ilat,
Mu Ummu Rashrash muka gaji cewa.

A Maris na 1949 Isra'ila ta karɓe ta,
Aka sake mata sunan kirawa.

Ta ƙasa, daga Ɗaba ta Masar zuwa Aƙaba,
Mai keke ma da hantsi yana isowa.

Amma ga ni ina kwana a teku,
Don takardata ta can ba ta wucewa."

Gwaggo Mai Allo:

Sannu da hanya, ɗana, barka da sauka,
Allah Ya sa albarka cikin dawowa.

Ka bar ni tsaye da batun dattijon nan,
Wane gari ne aka hana shi komawa?

Mu nan kullum alƙunutu muke musu,
Amma ko gari guda ba na iya ambatawa.

Malamin Tarihi:

Gwaggo, Yafa ne, a bakin Bahar Rum,
Garin lemun da har Turai ake kaiwa.

Mahaifinsa na da gona da rijiya,
Kowane lemu a takarda ake naɗewa.

Ƙarshen Afrilun 1948,
Harsashin igwa ya dinga faɗowa.

Jama'a suka yi tashar ruwa da gudu,
Kwale-kwale ya cika har yana karkacewa.

Uban ya kulle ƙofa ya riƙe makulli,
Ya ce da matarsa, "Sati biyu muna dawowa."

Larabawan Yafa kusan dubu 70,
Kamar dubu 4 suka samu tsayawa.

Suka sauka Gaza, can aka haife shi,
A sansani ya girma kan rabon fulawa.

Yaƙin 1967 ya sake tayar da su,
Kogin Jodan suka bi wajen tsallakewa.

A 1968 aka kafa musu tanti a Jarash ta Jodan,
Har yau Sansanin Gaza ake cewa.

Fasfonsa na wucin gadi ne, Gwaggo,
Ba lambar ɗan ƙasa, sai ta sabuntawa.

Shi ma malami ne, abokin sana'ata,
Lissafi ya koyar a makarantar 'yan gudun hijira ta UNRWA.

Yaran safe su fita, na yamma su shigo,
Aji ɗaya, benci ba ya samun hucewa.

Ɗalibin Shari'a:

Yaya, ka yi haƙuri in sa baki,
Kai ka koya mana ba a saurin yankewa.

Baki ɗaya ka ji a tsakiyar teku,
Na ɗaya ɓangaren fa, wa ke faɗawa?

Yahudawa miliyan 6 aka hallaka a Turai,
Masu tsira ma a jirgin ruwa suke isowa.

Ban ce dattijon ya yi ƙarya ba,
Ina so in ji ko kun taɓo wannan a tattaunawa.

Malamin Tarihi:

Ƙanina, na tambaya, bakina da nauyi,
Na zaci hirar ta zo ƙarewa.

Ya yi shiru, injin kaɗai ake ji,
Sannan ya ce, "Wannan ba abin musantawa.

An zalunce su, zalunci mai girma,
Mai cewa ƙarya ne, ba na saurarawa.

Amma ubana bai taɓa ganin Jamus ba,
Lemu yake dasawa yana ba shi ruwa.

Wani ya ƙona gida a wata nahiya,
Don me a gonarmu ake fanshewa?

Balfo, ministan Ingila, ya yi wa Yahudawa alkawari a 1917,
Ƙasar da ba tasa ba yake bayarwa.

Ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya na 194 ya ce mai so ya koma gida,
Har ubana ya rasu ana ta karantawa.

Ban ce a jefa kowa cikin teku ba,
Gidanmu mun san yadda take haɗiyewa.

So nake in tsaya a ƙofar da ya kulle,
Ba mai tambayata takardar wucewa."

Ban zauna kujerar alƙali ba, ƙanina,
Ɗaya bakin ma ya cancanci jiyowa.

Sai dai na sha faɗa wa yara cewa mutum dubu 700 aka kora,
In share allo, ƙararrawa na bugawa.

Daren nan ɗan ɗaya cikinsu ya ba ni shayi,
Lambar ta yi fuska, ta ƙi gogewa.

Ɗan Mai Wurno:

Malam, gaisuwa daga Bur Sudan,
Na karanta hawaye na zubowa.

Kakanninmu bayan Burmi, 1903,
Suka yo gabas babu waiwayawa.

A bakin Shuɗin Nilu suka kafa Mai Wurno,
Har yau da Hausa da Fulatanci muke gaisawa.

Ni kuma a Afrilun 2023
Na kulle gidana a Hartum, bindiga na amsawa.

Wallahi abin da uban nan ya faɗa na faɗa,
Na ce da yara, "Sati biyu muna dawowa."

Makullin na nan a ƙasan jakata,
Wani dare in tashi in yi ta shafawa.

A Ƙudus kuma, Ƙofar Majlis, dab da Aƙsa,
Akwai unguwar da ya kamata a yi ta tunawa.

Jikokin mahajjatan Najeriya da Chadi,
Da Senegal da Sudan, yau duk Falasɗinawa.

Malamin Tarihi:

Allah Ya maida kai ɗakinka, ɗan'uwa,
Ya sa makullin nan ya riski buɗewa.

Da jirgi ya tsaya, ya kama hannuna,
Na ce, "Me zan kai wa Kanawa?"

Ya ce, "Addu'arku tana isa gare mu,
Amma mu ba gawa kaɗai ba ne ta ƙirgawa.

In ka shiga aji ka ɗauki allinka,
Sunayen garuruwa nake so ka sa a rubutawa.

Yafa, Lidda, Ramla, Majdal da Safad,
Yaro ya furta su har ya iya riƙewa."

Aka buga mini hatimi na wuce nan take,
Na juyo, shi fasfonsa ake ta jujjuyawa.

Na jira a waje har rana ta ɗaga,
Mota ta cika, ban ga ya fito ba wajen rabuwa.

Gwaggo Mai Allo:

Allah Ya fid da shi lafiya, ɗana,
Ya kai ɗan Mai Wurno gida da gaggawa.

Turo mini sunayen nan biyar da wasali,
Idona ya yi rauni, ka ƙara girmamawa.

Gobe da asuba 'yan matana talatin,
Bayan hadda, su za mu bi da tawada muna rubutawa.