Masu injin kofi mai niƙa da kansa, ku zo ku faɗa min gaskiya kafin in zuba kuɗina

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa amfani da abun da hannunsu, ba waɗanda suka kalla a YouTube ba. Maigidan ne tun da ya yi zaman wata shida a Addis Ababa ya dawo ya raina mana kofin gwangwani irin na mai shayi, shi yanzu sai wanda aka niƙa a take, toh kullum da asuba ni ce da bilenda ina tada yara da ƙara, kuma niƙan ma bai taɓa fitowa daidai ba, rabi gari rabi tsaki. Ina so in siya injin nan da ake zuba 'ya'yan kofi ta sama a danna ya niƙa ya tsiyayo da kansa. Yayata za ta dawo daga Ingila wata mai zuwa ta ce in faɗi wanda nake so. Ni ba gayu nake nema ba wlh, wanda zai yi ƙarko a Kaduna da wutarmu da ruwanmu nake so.

Bakano a Leeds:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni De'Longhi Magnifica S gare ni, shekara ta huɗu kenan, kofi uku ko huɗu a rana, bai taɓa kai ni wajen mai gyara ba. Ba shi da wani allo mai kyalli, maɓallai ne kawai da abun murɗawa, yana cin 'ya'yan kofi giram 250, ruwa lita 1.8, niƙan yana da mataki 13. Amma abun da zan ce ki duba kafin sunan kamfani shi ne, ɓangaren cikin nan da yake matse garin kofin ruwan zafi ya ratsa, ana iya zaro shi ko ba a iya? Na De'Longhi da na Philips ana buɗe ƙofar gefe a zaro a wanke a famfo. Na Jura kuma a rufe yake, ƙwayar wanki ake jefa masa, idan ana son buɗewa sai wakilinsu. A nan ba matsala ba ce tunda wakilan suna kusa, amma ke da kike Kaduna ki yi tunani. Ranar farko da na zaro nawa bayan na yi wata biyu ina lalaci, abun da na gani a manne a jiki sai da na kwana biyu ina shan shayi.

Sannan tunda daga Ingila za a kawo kin huta, wuta 230 ce kamar ta gida, filogin ma mai ƙafa uku ne irin namu.

Nas ɗin dare:
Wannan maganar wutar ita ta kawo ni. Ni ƙanina ya aiko min da nawa daga Amurka, ina murna ko takardar ban buɗe ba, na sa adafta na jona, sai wani ƙauri da hayaƙi, shikenan ko kofi ɗaya ban sha ba. Ashe nasu 120 ne. Laifina ne ba na kowa ba. Mai gyara ya ce da tiransifoma ya kamata in haɗa, kuma ba ƙarama irin ta kilifar aski ba, mai ɗaukar wat 2000 zuwa sama, nauyinta kamar dutsen niƙa. Har yau kwalin yana saman wadirof, idan ya tambaya a waya sai in ce Alhamdulillah muna ta sha.

Injiniya Sabon Gari:
Anti Nas Allah ya mayar da alheri, irin naki sun fi goma da suka zo shagona. Ni gyaran kayan lantarkin kicin nake yi a Kano, bari in faɗa muku abun da yake kawo min waɗannan injinan, dan gaskiya da wuya ka ga wanda ya mutu dan kansa.

Ruwa shi ne babba. Ki leƙa gindin butar lantarkinki, idan kin ga farin abun nan kamar alli ya daskare toh shi ɗin ne zai toshe bututun injin, kuma bututun siriri ne kamar tsinken tsintsiya. Ruwan burtsatse na wasu unguwanni wata uku ya isa kofi ya fara ɗiga ɗaya-ɗaya kuma ba zafi. Injin yana kunna fitila idan lokacin wanke wannan allin ya yi, mutanenmu sai su yi ta danne-danne har fitilar ta mutu su ɗauka sun yi wayo. Ki sa Yaya ta haɗo da ruwan wankin kamar kwalba uku, kar ki zuba binega, masu ƙera injinan da kansu sun hana.

Sai 'ya'yan kofin. Waɗanda aka soya suka yi baƙi ƙirin suna sheƙin mai kamar an shafa musu man gyaɗa, su ne suke damƙewa a haƙoran niƙa, injin ya yi ta kuka babu abun da yake sauka. 'Ya'yan kofin da aka shafa wa suga ko masu ƙamshin banila sun fi muni. Ki nemi matsakaiciyar suya, busassu a ido. Kuma abun murɗa laushin niƙa a irin Magnifica ba a taɓa shi sai injin yana cikin niƙa, mataki ɗaya-ɗaya, a rubuce yake a littafinsa amma wa yake karantawa.

Ɗauke wuta kuma, idan aka ɗauke yana tsakiyar aiki ɓangaren nan da Bakano na Leeds ya faɗa yakan tsaya a rabin hanya, sai mutum ya buɗe ya sa ƙarfi ya fizgo ya karya roba. Ki bar shi kawai, in wuta ta dawo ki kunna zai koma mazauninsa da kansa. Yana jan wat 1450 lokacin da yake dafa ruwa, ƙaramin janaretan nan na shago ba zai ɗauka ba, inbata ma in ƙarama ce ki kashe firiza kafin ki kunna.

Na ƙarshe kuma ku yi haƙuri masu cin abinci, kyankyasai. Wuri ne mai ɗumi da danshi da duhu, aljannarsu kenan, na taɓa buɗe wani na samu sun yi gari guda a kan allon lantarkin. A riƙa zubar da tukar kofin kullum da dare a bar akwatin ya sha iska, da damina kwana biyu ya isa ya yi funfuna.

Hajiya Madina:
Injiniya ka manta da irinmu masu ƙirƙira. Ni da na siya nawa sai na ce ai bari in huta da tukunya, na zuba 'ya'yan gahawar Larabawa masu fari-farin suyar nan na haɗa da hel, wato cardamom, da kanumfari duk a wajen niƙan. Abun da ya fito tsami kamar an jiƙa tsamiya, kuma wata guda duk kofin da aka yi a gidan warin kanumfari yake. Gahawa tafasa take so a hankali a kan wuta, wannan injin kuma cikin daƙiƙa kaɗan yake tura ruwa ya wuce, hanyar jirgi daban ta mota daban. In mutum yana son citta ko kirfa ya barbaɗa a kofinsa bayan ya tsiyayo.

Malamin Gembu:
Ni fa zan ɓata muku biki. Maman 'Yan Biyu me ya sa dole sai a haɗe? Ni ƙaramin injin niƙa na hannu gare ni mai haƙora, ba mai wuƙa irin ta bilenda ba, shi ya sa naki yake fita rabi gari rabi tsaki, wuƙa sara take yi ba niƙa ba. Sai tukunyar nan ta Italiya mai hawa biyu da ake ɗorawa kan gas. Ba ruwana da wuta, in ɗaya ya lalace ɗaya yana nan, shi kuwa mai haɗen ranar da niƙa ya tsaya duk kuɗinki sun tsaya tare. Nan Mambila muna da Arabika tamu, wajen manoma nake siya in soya da kaina, kuma wanda aka shanya a ƙasa ba a rasa ɗan tsakuwa a ciki, ni hannuna yana jin ta in tsaya in cire, injin lantarki kuwa taunawa zai yi har haƙori ya fita. Duk mai siyan na gida ya baza a faranti ya tsince kamar shinkafa 'yar Hausa.

Maman 'Yan Biyu:
Malam gaskiyarka, amma ka san wanda zai riƙa murɗa na hannun nan da ƙarfe biyar na asuba ai ba shi ba ne.

Auta na Legas:
Hhhh Anti kin gama magana. Toh in haka ne kar a yaudare ki da Barista Express, wanda a Ingila za ta gan shi da sunan Sage, a wasu ƙasashen Breville, abu ɗaya ne. Shi nake da shi kuma ina son kayana, kofinsa ya fi na masu dannawa daɗi nesa ba kusa ba in ka iya, amma sai ka iya ɗin. Shi niƙa kawai yake maka, kai za ka auna wajen giram 18, ka danne da hannu, ka ɗaura, ka duba ya ba ka giram 36 cikin daƙiƙa 25 zuwa 30, in ya zubo da sauri ka ƙara laushi in ya maƙale ka rage. Sati biyu na yi ina zubar da kofi kafin na kama hannu, kuma duk sabuwar leda sai ka sake saiti. Wannan abun sha'awa ne na mai lokaci. Kuma kar lambar bar 15 ko 19 da suke bugawa a kwali ta ɗauke miki hankali, ƙarfin famfon ne, shi kofin wajen bar 9 yake buƙata.

Uwar Gida Maraɗi:
Ni Philips 3200 nake da shi mai LatteGo, saboda yara da madara. Abun madarar gida biyu ne kawai ba bututu, ki ɓalle ki ɗauraye shikenan, niƙansa na tangaran ne mataki 12. Madarar gari nake damawa sosai in sa a firji ta yi sanyi kuma tana kumfa daidai gwargwado. Yana da matacin ruwa AquaClean da ake sawa cikin tanki, yana rage yawan wankin allin da Injiniya ya faɗa, sai dai fa ana canza shi kuma ban taɓa ganinsa a kasuwa nan ba, duk mai zuwa Faransa sai na ɗora masa saƙo. Wanda na fara siya kafin wannan, irin mai tulun gilas ɗin nan da yake niƙa ya tace cikin takarda, tururi yana hawa ta hanyar da garin yake saukowa ya mayar da shi kamar ƙullun ƙosai, kullum ina sakace da tsinke har na gaji na bayar.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci. Na turawa Yaya hoton Magnifica S tunda Oga baƙi yake sha ba madara, na ce ta haɗo da ruwan wanki kwalba uku. Injiniya saura tambaya ɗaya, ruwanmu na burtsatse ne kuma yanzu na leƙa butar, fari fat. Ruwan leda zan riƙa zubawa ko yaya?

Injiniya Sabon Gari:
Hajiya wani ruwan ledar ma daga burtsatsen aka ɗura. A cikin kwalin za ki ga wata 'yar siririyar takarda ta gwajin ruwa, kar ki yar da ita tare da leda, ki tsoma a na gidan, in an samu wata ki gwada na ledar ma, ki ƙirga gida nawa ya canza launi ki saita injin a kan wannan lambar. Ki turo hoton takardar in gani.