Shawarwarin masunta kan hadarin damina a Lagdo

Masunta da masu kwale-kwale na madatsar ruwa ta Lagdo, a arewacin Kamaru, sun tattauna kan hadarin damina, ga abin da aka fi tsayawa a kai.

Wani malamin makaranta ya yi bayanin da ya ba mutane mamaki. Guguwar da ke rusa gidaje a Amurka da tsibiran Karibiyan, wadda lokacinta ke kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, sau da yawa a samanmu take farawa. Tarin hadari ne ke tasowa daga wajen Sudan da Chadi, ya nufi yamma, ya faɗa teku ta Senegal, can ruwan ɗumi ya ƙara masa ƙarfi. Teku ta yi mana nisa, amma tafki ma yana cin mutum.

Dattawa suka ce a riƙa duban gabas. In gari ya yi tsit, zafi ya tsananta, sai ga baƙin hadari da jar ƙura a gindinsa, to iska za ta riga ruwa isowa. A nufi gaɓa mafi kusa, ko da ba taka ba ce. A nan na fi goyon bayansu, domin kwaɗayin janyo raga ɗaya ne ke halaka samari.

An kuma ja kunnen masu lodi ranar kasuwa: buhunan masara, babur da mata masu goyo duk a jirgi ɗaya, har ruwa na taɓa bakinsa. A rage kaya, a sa rigar kariya, a saurari hasashen yanayi a rediyo kafin a tashi. In ana tsawa kuma, a kwantar da gorar tuƙi, a zauna ƙasa a cikin jirgi.