Haɗin maganin Sin yana warkar da cikin mai ciwon suga?

Alhaji Ƙarami: Salamu alaikum. Hajiyarmu ta shekara 14 da ciwon suga. Yanzu loma uku take yi ta ce ta ƙoshi, ciki ya kumbura, wani lokaci da safe ta amayar da tuwon jiya yadda ta ci shi. Likita ya ce sugan ya taɓa jijiyar da ke sa tumbi motsi. Abokin kasuwancina a Gwangzhu ta ƙasar Sin ya ce akwai wani haɗin maganin gargajiyarsu, Banxia Xiexin Tang, yana warkar da wannan kakaf. Zan saya mata.

Malam Babba: Ka saya, Alhaji. Haɗin ba na jiya ba ne, wani likitan Sin mai suna Zhang Zhongjing ya rubuta shi kusan shekara 1,800 da suka wuce, don cushewar ciki da amai. Akwai busasshiyar citta a ciki, da ginsen, da wata irin magarya tasu. Mu da muke shan maganin zazzaɓin da Tu Youyou ta fitar daga dangin tazargade, har aka ba ta kyautar Nobel a 2015, ai ba ma raina ganyen Sin ba.

Anti Nas: Malam, ba raini ba ne. Nata sai da aka tace shi, aka gwada a kan dubban mutane. Wannan haɗin kuwa gwaje-gwajensa yawanci ƙanana ne, kuma ba a tsaurara yadda aka yi su ba. Ko sossoka siraran allurai da masu maganin gargajiyar Sin suke yi a ƙasan gwiwa don wannan ciwon, masanan Cochrane, ƙungiyar da ke bitar binciken lafiya, sun duba a 2018, suka ce hujjar tana da rauni ƙwarai. Mai yiwuwa tashin zuciya ya lafa. Amma jijiyar da suga ya ci shekara da shekaru, kalmar "kakaf" ta yi mata girma.

Malam Babba: To na asibitin fa? Metoclopramide, maganin da ke sa tumbi motsi, ba a son a wuce mako 12 ana sha, don yana iya sa baki da fuska motsin da mutum ba ya iya tsayarwa.

Anti Nas: Gaskiya ne, kuma shi ya sa ake sa wa mai sha ido. Wa zai sa wa Hajiya ido a kan ƙullin da aka aiko daga Gwangzhu? A cikin haɗin akwai saiwar gancao mai zaƙi, tana hawar da jini, tana zubar da sinadarin fotasiyam. Ita banxia ɗin ma, tsiron da haɗin ya samo sunansa daga gare shi, ɗanyarta guba ce sai an sarrafa ta. Alhaji, tana da hawan jini?

Alhaji Ƙarami: Tana da shi, Anti. Tana kuma allurar insulin.

Anti Nas: To nan ne tsorona. In abinci ya makale a tumbi, allurar takan riga shi aiki, suga ya faɗi. In wani magani ya canza saurin narkewar, lissafin allurar ma dole ya canza. Ka sa abokinka ya rubuto sunayen kayan haɗin, ka kai wa likitanta kafin ka biya. Kafin nan a riƙa ba ta abinci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana, mai laushi, a rage mai da ɗanyen ganye, kuma kada ta kwanta da ta gama ci.

Alhaji Ƙarami: Ranar Alhamis za mu koma asibiti. Yanzu zan kira shi ya turo sunayen.