Waɗanda suka taɓa ratsa Tekun Kudancin Sin ko suka zauna a ƙasashen da ke rigima a kansa, me kuka gani?

Ɗan Jirgi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni aikin jirgin dakon kwantena nake yi, shekarata ta bakwai kenan, kuma yawancin zirga-zirgarmu daga Singafo ne zuwa Hong Kong da Shanghai, to kun ga ba makawa sai mun ratsa Tekun Kudancin Sin. Abin da ya sa na taso da maganar nan, wani dare ne ina gadi a ɗakin tuƙi tare da ofisa na biyu, wajen ƙarfe biyu, sai rediyo ta ɗauka a tasha 16, wadda dole kowane jirgi ya bar ta a buɗe saboda kiran gaggawa. Wata murya da kakkausan Turanci tana ce wa wani jirgi ya shigo ruwan ƙasarsu, ya juya nan take, can sai wata ta amsa a natse cewa su a ruwan kowa da kowa suke bisa dokar duniya. Sun yi ta maimaita wannan kusan minti ashirin. Ba da mu ake ba amma wallahi sai da cikina ya ɗuri ruwa, don a allon rada ga manyan ɗigo biyu a gefenmu kuma duk sun kashe na'urar da ke nuna sunan jirgi da inda ya dosa. Kyaftin ya taso daga barci da silifas a ƙafa, ya ce a karkata a ba su fili.

Shi yankin tsibiran Spratly dama tun da can a taswirar tuƙi an rubuta masa wuri mai haɗari, saboda duwatsun murjani da ke ɓoye ƙarƙashin ruwa, manyan jirage suna kauce masa. Amma yanzu a wurare uku, Fiery Cross da Subi da Mischief, Sin ta zuba yashi ta gina tsibiri har da filin saukar jirgin sama mai tsawon kusan kilomita 3. Ina so in ji daga waɗanda suka zauna a ƙasashen, su mutanen gari yaya suke ɗaukar abin?

Ɗalibar Xiamen:
Wa alaikumus salam yaya. Ni shekara huɗu na yi ina karatu a Sin, kuma abin da zan ce shi ne su a wurinsu babu ma wata rigima. Tun daga firamare taswirar da yaro yake gani a bango tana da layin nan mai ɗigo-ɗigo tara da ya zagaye kusan duk tekun, kamar harshen saniya. Spratly su Nansha suke ce masa, Paracel kuma Xisha. Asalin layin a 1947 aka zana shi, da ɗigo goma sha ɗaya, kafin ma 'yan gurguzu su karɓi mulki, gwamnatin da ta zana shi kuma ta koma Taiwan, shi ya sa ita ma Taiwan take da irin wannan da'awar.

Na ga abin kusa-kusa ranar da aka haɗa mu aikin rukuni da wata 'yar Biyetnam. Ɗan Sin da ke haɗa mana hotunan gabatarwa ya sa taswirar ƙasarsu da layin a jiki, shi ko a jikinsa, ita kuwa tana gani fuskarta ta canza, ta ce ba za ta tsaya gaban aji da wannan hoton a bayanta ba ko da za a ba ta sifili. Yarinyar da ko ɗaga murya ba ta yi fa. Shi kuma ya rasa laifin da ya yi, yana ta ce mata ai haka taswirar take. A ƙarshe cire taswirar muka yi gaba ɗaya. Daga baya ya zauna yana min bayani cewa tun Yaƙin Ofiyom na 1839 duk wulaƙancin da Turawa da Japan suka yi wa ƙasarsu ta teku ya shigo, don haka ba za su sake barin ƙofar nan a hannun wani ba. Ban yarda da layin ba amma na fahimci inda zafin yake fitowa.

Mai Karatun Likita a Luzon:
'Yar'uwa na ji bayaninki, amma bari in ba ki ta ɗaya ɓangaren. Wani abokin karatuna ɗan Masinloc ne a lardin Zambales na Filifin, na bi shi hutu gida, mahaifinsa masunci ne. Kwale-kwalensu irin mai sandunan gora a gefe biyu ɗin nan ne don kar ya kife. Dattijon ya zaunar da ni a bakin ruwa yana ɗinkin koma, ya ce tun yana yaro yake bin babansa zuwa Scarborough, su Bajo de Masinloc suke kiransa, nisan kamar kilomita 220 daga gaɓa. Wurin zobe ne na murjani da tafki a tsakiya, kifi kamar a bakin ƙwarya, kuma abin da ya fi damunsa ba ma kifin ba ne, cewa ya yi in guguwa ta taso cikin tafkin nan suke shiga su fake har ta wuce. Tun 2012 da jiragen Sin suka tsare bakin shiga, babu wannan mafakar. Yanzu sai dai su tsaya daga nesa, man da za su ƙona ya ƙaru, kamun ya ragu, wasu sun sayar da kwale-kwalen sun koma aikin gini.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, hukuncin da kotun sasanci ta yanke a Hague ranar 12 ga Yuli 2016 kan ƙarar da Filifin ta kai Sin bai ce tsibirin na wane ne ba. Cewa ya yi layin ɗigo tara ba shi da tushe a dokar teku ta 1982, wadda ta ba kowace ƙasa mil 12 na ruwanta da mil 200 na cin arzikin teku, kuma ya ce hana masuntan Filifin kamun da suka gada a Scarborough ya saɓa doka. Sin ta ce ba ta san da hukuncin ba, ba ta ma halarci shari'ar ba. Dattijon nan ya san ranar hukuncin a ka, amma har yau bai koma cikin tafkin ba. Kuma a can in ka ce Tekun Kudancin Sin sai a gyara maka, Tekun Yammacin Filifin ake cewa.

Malamin Turanci a Da Nang:
Maganar suna ɗin nan ta faru da ni. Satina na farko a aji na faɗi sunan tekun yadda muka saba ji a labarai, sai ajin ya yi tsit, wani yaro ɗan shekara goma sha biyu ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce malam, Tekun Gabas ne. Daga ranar ban sake ba. A Biyetnam Paracel shi ne Hoang Sa, Spratly kuma Truong Sa, kuma kowa ya san shekaru biyu: 1974 da Sin ta ƙwace Paracel gaba ɗaya daga hannun Biyetnam ta Kudu, da 14 ga Maris 1988 da sojojin Sin suka kashe musu sojoji 64 a Gac Ma, wani murjani a Spratly. Har fim ɗin Amurka sun hana nunawa a 2023 saboda wata taswira da ta fito a ciki.

Amma abin da ya tsaya min a rai tsibirin Ly Son ne, inda ake noman tafarnuwa. A tsakanin gonakin akwai ƙananan kaburbura da babu gawa a ciki, kabarin iska suke ce musu, na waɗanda suka tafi teku ba su dawo ba, sai a ƙera mutum-mutumin yumɓu a binne a madadinsu. Wasu tun zamanin sarakunansu ne da ake tura mutane Hoang Sa, wasu kuma sababbi ne. Matar da na sauka a gidanta ta nuna min na ƙaninta. Kowace shekara daga 1 ga Mayu Sin takan sanar da hana kamun kifi a wani ɓangaren tekun, Biyetnam ta ce ba ta yarda ba, su kuma masunta su fita a haka don in ba su fita ba babu abin sawa a tukunya.

Alhajin Kwantena:
Ni ɗan kasuwa ne, ina Guangzhou a watan Satumba 2012 lokacin da gwamnatin Japan ta sayi uku daga cikin tsibiran Senkaku, waɗanda Sin ke kira Diaoyu tana cewa nata ne, su a Tekun Gabashin Sin suke. Tsibiran da ko mutum ɗaya ba ya zaune a kansu fa. Na ga titi ya cika da jajayen tutoci, gidajen abincin Japan sun rufe sun manna tutar Sin a ƙofa, direban da ke kai ni masana'anta motarsa ƙirar Japan ce, sai da ya liƙe tambarin da sitika kuma ya yi kwana uku bai fito da ita ba. Kayana suka yi jinkirin mako guda.

Amma ku yi haƙuri, duk kun ɗora wa Sin, ita Amurka fa? Me ya kawo jirgin yaƙinta dubban kilomita daga gida? Tun 2015 take kutsa jiragenta kusa da tsibiran nan da sunan 'yancin zirga-zirga, alhali ita kanta har yau ba ta amince da dokar tekun da take wa wasu wa'azi da ita ba. A 2023 kuma aka ƙara mata sansanoni huɗu a Filifin suka zama tara da za ta iya amfani da su, wasu suna kallon Taiwan. In kai ne Sin za ka yi barci?

Mai Karatun Likita a Luzon:
Alhaji ranka ya daɗe, gaskiya ne Amurka ba don Allah take yi ba, kuma su ma 'yan Filifin da yawa sun san haka, su ne fa majalisar dattawansu ta ƙi sabunta yarjejeniyar sansanin sojan ruwan Amurka na Subic a 1991 sojojin Amurka suka tattara suka fita a 1992. Amma shekara uku bayan fitarsu, a 1995, Sin ta kafa gini a Mischief. Wannan lissafin duk wanda na yi hira da shi a can sai ya kawo min shi. Shi ya sa a 1999 'yan Filifin suka kafe wani tsohon jirgin yaƙi mai suna Sierra Madre a kan murjanin Second Thomas da gangan, har yau sojoji na zaune a cikinsa duk tsatsa ta cinye shi, a 2023 da 2024 kai musu abinci ma sai da aka yi ta dambarwa da jiragen Sin masu feshin ruwa da mesa.

Ɗan Jirgi:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Maganar Sierra Madre ta tuna min Yunin 2024, lokacin da aka yi arangama da masu tsaron gaɓar Sin har wani sojan ruwan Filifin ya rasa babban yatsansa. Muna kan hanya a lokacin, kuma a jirginmu mai dafa abinci da rabin ma'aikatan saman jirgi 'yan Filifin ne, injiniya na uku kuma ɗan Sin. Bidiyon ya zagaya wayoyi a ɗakin cin abinci, kowa ya kalla ya yi shiru, shi injiniyan ya ɗauki farantinsa ya koma ɗakin inji. Kwana biyu ba ya zama da mu. A rana ta uku mai dafa abincin da kansa ya zuba miyar taliya a kwano ya sauka da ita har ƙasa ya kai masa, ni na riƙe masa ƙofa. Ba su yi maganar tsibiri ba, hoton 'yarsa injiniyan ya nuna masa.

Wata mai zuwa in Allah ya kai mu za mu sake bi ta wajen. Da dare in kana ɗakin tuƙi za ka ga fitilun masu kamun kifi ɗaruruwa sun haske ruwa kamar gari, ƙananan na katako ko a rada ba sa fitowa sosai, sai dai ka sa ido da madubin hangen nesa kana kauce musu ɗaya bayan ɗaya. In akwai wanda ya zauna a Indonisiya ko Malesiya don Allah ya ba mu labarin wajen tsibiran Natuna na Indonisiya, can ma mun sha ganin jiragen sintiri suna bin juna.