Tsohuwar aska mai tambarin Sheffield: ta yaya zan gane ta, kuma za ta yi aski?

Mai tambaya:

Salamu alaikum jama'a. Akwai wata tsohuwar askar Turawa a hannuna, irin mai naɗewa cikin mariƙinta. A wuyanta an buga "Wade & Butcher" da "Sheffield", ba wani rubutu bayan nan. Faɗin ƙarfen ya kai milimita 22, yana da nauyi, kuma jikinsa bai rafke sosai ba. Mariƙin baƙi ne, ya bushe ya ɗan tattashi. Akwai jar tsatsa wajen ƙusa da ɗigo-ɗigon baƙi a jiki. Shekarunta nawa, kuma me zan yi mata ta koma aiki? An ce in kai ta wajen mai injin wasa wuƙa.

Ɗan Maƙera:

Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka kai ta injin nan. Bakin aska ya fi takarda siranta, daƙiƙa kaɗan a kan dutse mai juyawa ta isa ya ɗau zafi ya yi shuɗi, kuma ƙarfen da ya yi shuɗi ya saki ke nan, ba zai sake riƙe kaifi ba.

Batun shekaru kuwa, rubutun wuyan ne zai gaya maka. Daga 1891 dokar harajin Amurka ta wajabta a rubuta sunan ƙasa a jikin kayan da ake shigarwa can, shi ya sa askokin birnin Sheffield na Ingila na bayan nan galibi suke ɗauke da "England". Taka da ba ta da shi, ga nauyi, ga jiki marar rami, ta fi kama da ta kafin 1891. Alama ce dai, ba hukunci ba, don wadda aka yi wa kasuwar cikin gida ba dole ta ɗauki sunan ƙasa ba. Ana auna faɗin aska da kashi takwas na inci, milimita 22 ita ce 7/8. Mariƙin nan kuma kusan tabbas ƙaho ne: ɗaga shi wajen haske, za ka ga zare-zare na bin tsawonsa. Ƙashi fari ne mai ƙananan ɗigon baƙi. Wanda ake tsoro shi ne tsohuwar robar seluloyid mai warin kafur, don idan ta fara ruɓewa tana fitar da iskar da ke cin ƙarfe, sai ka ga tsatsa ta bi daidai inda mariƙin yake rufewa.

Kafin ka ɓata lokaci wajen goge ta, duba bakin. Tsatsar jiki ba komai ba ce, ta bakin ita ce magana. Samu gilashin ƙara girma ka bi shi daga gindi zuwa tsini. Idan ka ga tsaga ta taso daga bakin ta yi sama, ajiye ta don tarihi kawai, ba ta gyaruwa. Idan giɓi ne ƙarami da bai kai milimita ɗaya ba, dutse zai cinye shi.

Mai Zabira:

Ƙari a kan bayanin ɗan'uwa. Wajen tsabtacewa a bi ta a hankali, aska ko ta dakushe tana yanka. Liƙa salatif a bakin tukuna. Jar tsatsa ana cire ta da samfefa mai lamba 600 da ɗigon man keken ɗinki, sai 1000, sai 2000, ana bin tsawon ƙarfen. Baƙin ɗigon da ya riga ya zauna ka bar shi, ba ya yaɗuwa, kuma garin neman ƙyalli mutane da yawa sun share tambarin da shi ne darajar askar. Wajen ƙusa, tsohon buroshin haƙori da zare mai ɗan mai sun wadatar.

Ƙahon ƙishirwa yake ji. Shafa masa man da ake tausasa jemammiyar fata da shi, ka bar shi kwana 2 zuwa 3, ka goge. Iskar hunturu tana busar da ƙaho har ya lanƙwashe, to ka rufe askar a hankali ka ga ko bakin yana gogar gefe. Idan yana gogar, duk washin da ka yi a banza.

Kada ka dafa ta a ruwan zafi da sunan kashe ƙwayoyin cuta, ƙahon zai murɗe. Wanke ƙarfen da sabulu, ka goge da sifirit mai ƙarfin kashi 70, ka bari ya bushe da kansa. Kuma aska ta mutum ɗaya ce: ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin mako guda da ranta a jikin ƙarfe.

Mawashi:

Washi shi ne aikin, kuma nan aka fi yin ɓarna. Ba a wasa wannan askar kamar wuƙa, a ɗaga bayanta da hannu. Maƙerinta ya riga ya auna kaurin bayan da faɗin ƙarfen, kusan 1 bisa 3.5, yadda idan baya da baki suka kwanta tare a kan dutse kusurwar za ta fito wajen digiri 16. Da zarar ka ɗaga bayan ka ɓata ta.

Kana buƙatar duwatsun washi na ruwa masu lamba 1000, 4000, 8000, in da hali 12000 (mai babbar lamba ya fi laushi). Fara da daidaita fuskar dutsen: zana layuka da fensir, ka goga shi a kan samfefa 400 da aka shimfiɗa bisa gilashi har layukan su ɓace. Dutse mai kwari a tsakiya shi ke sa bakin aska ya rafke. Tunda taka mai kauri ce, liƙa salatif na lantarki falle ɗaya a bayanta, zai kare shi daga ci, amma ka riƙa sabunta shi, kuma ka ci gaba da falle ɗaya har ƙarshe.

Shafa tawadar alƙalamin maka a bakin gefe biyu, ka ja sau 5 baki a gaba, ka duba. Inda tawada ta rage, dutse bai taɓa wurin ba. Askokin Sheffield na da galibi bakinsu yana da ɗan tudu kamar jinjirin wata, don haka sai ka fara da gindi ka mirgino zuwa tsini a ja ɗaya. Wajen juyawa, a kan bayan ake juya ta. Kada ka bar dutsen 1000 sai ko'ina na bakin yana aske gashin hannu ba tare da dannawa ba. A aska irin wannan hakan zai iya cin awa guda ko fiye, kuma mafi yawan askar da ake cewa "tana fizgar gemu" a nan aka yi mata gaggawa. Sauran duwatsun goge sawun na baya kawai suke yi, ja 30 zuwa 40 kowanne, da nauyin askar kaɗai.

A kan fatar da ake goga aska bayan dutse kuma akasin haka ne: baya a gaba, fatar a miƙe tam, ja 50 kafin kowane aski.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri. Na duba da gilashi, babu tsaga, amma akwai ƙananan ramuka biyu dab da bakin kusa da tsini.

Mawashi:

To ka zauna a kan 1000 har ka wuce su ka kai ƙarfe mai tsabta, in ba haka ba bakin zai riƙa marmashewa a wurin. Askin farko ka tsaya a kunci kawai, bin kwanciyar gashi, bayan askar ya ɗaga daga fata kamar kaurinsa biyu. Da ka gama ka tsane ta sarai, ka sa ɗigon mai, musamman da damina.