Shawarwari ga mai neman fannin bincike a injiniyancin teku

Wani ɗalibin injiniyancin teku ne ya tambayi wane fannin bincike ya kamata ya dosa, kuma yawancin masu ba shi amsa sun karkata ga batun man jirgi. Dalilinsu shi ne a 2023 hukumar sufurin ruwa ta duniya, IMO, ta amince a kawar da hayaƙin da jiragen ruwa ke ƙara wa sararin sama zuwa wajejen 2050, don haka kuɗin bincike can ya nufa. An kawo misalin Laura Maersk, jirgin kwantena mai amfani da metanol da ya fara aiki a 2023, da Pyxis Ocean wanda aka kafa wa filafilai masu tsayin mita 37.5 domin iska ta rage masa shan mai. Amoniya kuwa, a matsayin man jirgi, an yi ta ja-in-ja a kanta: ba ta da kabon, sinadarin da ke cikin wancan hayaƙi, amma guba ce, kuma tsare ma'aikatan ɗakin inji daga yoyonta aiki ne da bai ƙare ba.

Wasu sun nuna injinan samar da lantarki daga iska masu shawagi a kan ruwa, irin biyar ɗin tashar Hywind da ke teku daura da gaɓar Sikotilan tun 2017, inda igiyoyin ɗaurewa da wayar lantarki ke shan wahalar igiyar ruwa.

Shawarar da ta fi gamsar da ni ita ce ta masu cewa kada ya raina tsatsa da ƙananan halittun da ke manne wa jikin jirgi suna rage masa gudu. Sun kuma ce ya ƙware a lissafin motsin ruwa a kwamfuta, amma ya nemi jami'ar da ke da tafkin gwajin ƙananan samfuran jirage, domin a can ake tabbatar da lissafin.