Neman kalmar Hausa: me za mu kira service marketplace?

Hadiza: Salamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka min da gaggawa. Ranar Alhamis zan yi wa matasa darasi kan yadda mutum zai buɗe shafin intanet irin su Fiverr da Upwork da ɗan jari kaɗan, wato ka haɗa masu gyaran famfo da masu wayarin da teloli da masu nemansu kai kuma ka cire naka. Na fassara komai sai service marketplace da escrow (wato riƙe kuɗi a tsakiya har a gama aiki) suka tsaya min a wuya, kuma gobe da safe za a kai takardar wajen bugawa.

Auwal: Wa alaikumus salam. Kasuwar ayyuka ta intanet, shi ke nan.

Ummi: Kasuwar ayyuka kam sai yara su zata wajen neman aikin gwamnati ne. Kasuwar masu sana'a ta fi.

Malam Garba: Duk kun kauce. Mai wannan harka ba ya sayar da komai, dillanci yake yi. Daga karanta muka samu makaranta, daga sana'a masana'anta, to daga dillanci sai MADILLANTA. Kalma ɗaya tak. Kuma Auwal ka daina cewa intanet, yanar gizo ake cewa.

Ummi: Malam Allah ya ƙara ilimi, amma wa zai tura kuɗinsa wajen da sunansa ya fara da dillali? Duk wanda ya taɓa neman gidan haya a Kano ya san abin da nake nufi, la'ada a wajen mai gida la'ada a wajenka ga kuɗin gani.

Nura: Anti Hadiza ni na taɓa gwada harkar, abin da zan ce ki gaya musu kada su fara da biyan wani ya haɗa musu manhaja. Sana'a ɗaya, unguwa ɗaya. Ni da masu gyaran AC na fara a guruf ɗin WhatsApp da fom ɗin Google, sai da aiki ya kankama na sayi adireshin .com.ng na ɗora WordPress, manhajar gina shafi, na haɗa da Paystack na karɓar kuɗi, na yi rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Matsalar ita ce da zarar ka haɗa mai gyara da kwastoma sau ɗaya sun karɓi lambar juna sun zagaye ka, shi ya sa escrow ɗin nan ta fi sunan muhimmanci, kuɗin na zaune a tsakiya sai an gama aiki kwastoma ya ce ya gamsu sannan a sakar wa mai gyara. Fiverr kashi 20 cikin 100 suke cirewa, kai a nan ka ce wa mai famfo haka ka ga kallon da zai maka.

Malam Garba: Kwastoma, guruf, fom. Inna lillahi. Haka za mu bar wa jikoki harshen?

Issoufou: Mu nan Damagaram plateforme muke cewa kowa ya gane. Ku 'yan Najeriya kun cika Hausa da Ingilishi sannan ku ce taku ce daidaitacciya.

Auwal: To plateforme ɗin kakanka ne ya zo da ita daga Daura?

Ummi: Malam dillali ma ai Larabci ne, la'ada ma haka, kasuwa kanta masana sun ce daga Barebari muka aro. In za a kori baƙi madillanta ce za ta fara fita.

Malam Garba: Aron da ya shekara ɗaruruwa ya zama ɗan gida. Naku na jiya ne, kuma ƙyuya ce ta kawo shi ba buƙata ba.

Nura: Fiverr fa a 2010 suka fara, sunan daga dala biyar ɗin da ake biyan kowane aiki a lokacin ya fito, babu wanda ya zauna zaman kwamiti.

Hadiza: Jama'a dare na yi, a dawo kan escrow don Allah.

Auwal: Jingina?

Ummi: A'a, jingina bashi ake ci a kanta. Ajiyar amana.

Issoufou: Ajiyar amana ta yi, ko a nan za a gane.

Nura: Ta yi, amma ki ƙara musu cewa riƙe kuɗin mutane harka ce da CBN ke sa wa ido, su bi ta kamfanin da ke da lasisi kada su tara a asusunsu na Opay.

Hadiza: Na gode. Zan sa dandalin masu sana'a a kanu, ajiyar amana a ciki, commission kuma la'ada. Malam zan ambaci madillanta sau ɗaya in ga ko yaran za su ɗauka.

Malam Garba: Dandali wajen wasa ne 'yata, amma takardarki ce. Ki dai rubuta ta da L biyu, kuma kada in ga kamasho a ciki.

Auwal: Ni har yanzu ban ga laifin kasuwar ayyuka ba.